Faci Ba Ya Zama Gyara Sai Ya Isa Hannun Mai Manhaja

Wayar da ke hannun mai POS a Idi-Araba, da ta dillalin shanu a mayankar Oko-Oba ta Agege, da ta mai albasa a kasuwar Mile 12, babu wadda kamfani ɗaya ya rubuta abin da ke cikinta. Sunan da ke bayan waya, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, sunan wanda ya harhaɗa ne. A ƙarƙashinsa akwai Android na Google, a ƙarƙashin Android akwai Linux, sannan ga ɗaruruwan ƙananan manhajoji kowace da aikinta: wannan ta zana harafi, waccan ta kulle saƙo, wata ta matse fayil don ya rage nauyi. Akasarinsu buɗaɗɗu ne, wato rubutunsu yana fili, kowa na iya karantawa ya gyara, kuma kowace da masu kula da ita a wata kusurwa ta duniya.

Idan aka ga aibi a ɗaya daga cikinsu, sai a rubuta ɗan gyara da ke cewa a cire layi kaza a sa kaza. Shi ne faci. Ra'ayina shi ne rubuta faci ne ɓangare mafi sauƙi a harkar. Wahalar tana wajen gane manhajar da aibin yake cikinta, da kai facin ga wanda ke da ikon karɓa, da bin sawunsa har ya shiga, sannan a bi shi har ya gangaro zuwa wayar da ke aljihun mutane. Wannan aikin ne ba mu koyarwa a Najeriya, ba mu biyan mai yin sa, ba mu ma lissafa shi cikin ayyuka. Shi ya sa muke ta gyara abu ɗaya shekara da shekaru.

Yadda manya suka tsara abin

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, tana fitar da sabon zubi kusan kowane mako tara zuwa goma. Kowane zubi yana ɗauke da gyare-gyare sama da dubu goma daga hannun mutane kusan dubu biyu. Babu mahalukin da zai iya karanta wannan shi kaɗai, don haka aka rarraba. A cikin manhajar akwai wani dogon kundi mai suna MAINTAINERS, wanda ya jera kowane sashe da sunan mai kula da shi da inda za a aika masa gyara. Har matsayin sashen ana rubutawa: wannan akwai wanda ake biya don ya kula da shi, wannan ɗan sa-kai ne ke riƙe da shi, wancan kuwa maraya ne, ba mai duba shi. Akwai kuma wata 'yar manhaja, get_maintainer.pl, da za ka nuna wa facinka, ta duba fayilolin da ka taɓa, ta gaya maka sunayen waɗanda ya kamata su gani.

Tun 2004 kuma, lokacin da kamfanin SCO ke shari'a yana iƙirarin an saci rubutunsa an zuba a Linux, aka wajabta wa duk mai aiko faci ya sa sunansa a ƙasa, ya shaida cewa yana da haƙƙin bayar da shi. Duk wanda facin ya ratsa ta hannunsa shi ma ya sa nasa. Ko bayan shekara goma aka tono matsala, za a san wa ya rubuta, wa ya duba, wa ya shigar.

Da yake da yawan facin Linux ta imel ake aika su, sai wani injiniya a Ostireliya, Jeremy Kerr, ya ƙirƙiri Patchwork. Aikinta ta tsinci faci daga cikin tarin saƙonni, ta duba adireshin da aka aika wa, ta ajiye shi ƙarƙashin aikin da ya dace, sannan ta lika masa matsayi: sabo ne, ana dubawa, an nemi a sake, an karɓa, an ƙi, wani ya maye gurbinsa, ko kuma ba nan ne gidansa ba. Ana ma iya tsara ta yadda facin da ya taɓa wani fayil zai faɗa kai tsaye hannun wani mutum. Masu amfani da GitHub da GitLab da Gerrit suna da irin wannan a wata siga.

Duk wanda ya taɓa aika saƙo Kano daga tashar Agege ya san ma'anar wannan tsari. Ba a miƙa wa direba buhu a juya. Sai an rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a jiki, an karɓi lambar direba, an kira can an ce mota kaza ta taso, kuma hankali ba ya kwanciya sai mai karɓa ya kira ya ce kaya sun iso. Buhun da ba suna, ko zinariya ce a ciki, a ofishin 'yan kamasho zai kwana har a manta da shi.

Abin da ke faruwa idan faci ya ɓata hanya

A 2006, wani mai kula da manhajar kulle saƙo ta OpenSSL a cikin Debian, wani nau'in Linux, ya ga wata manhajar bincike tana ƙorafi a kan wasu layuka. Ya yi tambaya, ya samu amsar da ya ɗauka izini ce, ya cire layukan a kwafin Debian. Facin kansa bai taɓa komawa wajen masu OpenSSL don su duba su shigar ba. Ashe ɗaya daga layukan shi ke sa makullan sirri su zama ba a iya cankarsu. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello, ɗan Ajantina, ya gano cewa makullan da aka ƙera a Debian da Ubuntu cikin wannan tsakani ba su wuce kala dubu talatin da 'yan kai ba ga kowane nau'i, abin da kwamfuta za ta gwada ta ƙare cikin ɗan lokaci. Mutumin ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Gyaran ne ya tsaya a inda masu idon ganin haɗarinsa ba su leƙawa. Daga baya Debian ta fito da ƙa'idar cewa kowane faci da ta ɗora a kan manhajar wasu a rubuta a kansa daga ina ya fito, kuma an tura wa masu ita ko ba a tura ba.

Akwai kuma facin da aka rubuta daidai, aka fitar, amma bai isa ga mai buƙata ba. A watan Maris na 2017 masu manhajar Apache Struts suka toshe wata babbar kafa suka sanar da duniya. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin jama'a, ya aika sanarwa a cikin gida cewa a ɗora gyaran, amma jerin sunayen da aka aika wa ya tsufa, saƙon bai kai ga waɗanda ke riƙe da na'urar da abin ya shafa ba. Ɓarayi suka shiga daga watan Mayu, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan siminti na ajiye a gindin bangon, wanda zai shafa ne ba a gaya masa ba.

Wanda ya fi kusa da aljihunmu shi ne na wayoyi. A watan Nuwamban 2022, masu binciken tsaro na Google da ake kira Project Zero suka bayyana cewa wasu kafofi biyar da suka gano a manhajar da ke tuƙa na'urar hoto mai suna Mali, kamfanin Arm ya toshe su tun Yuli da Agusta, amma har lokacin gyaran bai isa wayoyin da suka gwada ba, har da Pixel ta Google ɗin kanta da na Samsung da Xiaomi da Oppo. Irin wannan na'ura tana cikin wayoyi masu yawa da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja. Hanyar ce mai tsawo: daga mai manhaja zuwa mai ƙera ƙwaƙwalwar waya, zuwa mai harhaɗa wayar, zuwa mai ita, wanda shi ma sau da yawa yakan ƙi sabuntawa don kada data ta ƙare. Kuma da zarar an wallafa faci, ɓarawo ma ya karanta ya ga inda ramin yake. Tsakanin fitar gyara da isowarsa ne lokaci mafi haɗari, kuma wayoyi masu araha, waɗanda ake daina aika wa sabuntawa da wuri, su suka fi daɗewa a wannan tsakani.

Hausa a cikin na'ura: kuka ba a inda ya dace ba

Mu dawo kan abin da ke ci wa kowane marubucin Hausa tuwo a ƙwarya. Ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, ta fito akwati, ko ta fito da siffa daban da sauran haruffa. Ka nemi kalma mai ƙ, na'ura ta ce babu. Sunan wata ya fito a karkace. Abin da muka saba shi ne mu hau Facebook mu zagi kamfanin waya, mu ce an raina Hausa. Wani lokaci gaskiya ne an raina ta, amma kukan ba ya zuwa kunnen mai iya gyarawa, domin kowace matsala da gidanta.

Idan harafi ya fito akwati, zubin haruffan ne ba shi da shi, kuma maganar ta masu zana shi ce, kamar masu Noto na Google. Idan allon rubutu na kwamfuta mai Linux ne ya sa harafi a wurin da bai dace ba, akwai aikin da ake kira xkeyboard-config, wanda tuni yake da tsarin Hausa a ƙarƙashin Najeriya. Idan sunayen ranaku da watanni ne ko jeranta kalmomi, wannan na CLDR ne, rumbun da ƙungiyar Unicode ke kula da shi, wanda Android da iPhone da manyan manhajojin shiga intanet ke ɗiba daga ciki. A can ne ake bambanta Hausar Najeriya mai rubuta 'y da ta Nijar mai rubuta ƴ. Idan kuskuren fassara ne a maɓallan Wikipedia ta Hausa, ba a shafin ake gyarawa ba, a translatewiki.net ake yi, daga can ya bazu zuwa duk shafin da ke amfani da MediaWiki. In kuwa aibin manhajar ne, a Phabricator ake kai rahoto. Masu ajami su ma suna da nasu: ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami bisa salon rubutun Kano, da Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, kuma yadda haruffa ke haɗuwa da juna a allo galibi aikin HarfBuzz ne.

Gyara ɗaya a CLDR zai iya isa wayoyi miliyoyi ba tare da wanda ya yi shi ya bar Mushin ba. Gyara iri ɗaya da mai gyaran waya ya yi a shagonsa, ya ɗora wa abokin ciniki wani zubin haruffa, yana mutuwa ranar da aka yi wa wayar filashin. Basirar ɗaya ce, wahalar ma kusan ɗaya, bambancin kawai inda aka kai gyaran.

Darasin da Legas ta riga ta bayar

Kai gyara tushe ba baƙon abu ba ne a garin nan na Legas. Bayan Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, ƙwararrun lafiya na Najeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus suka haɗu suka gina SORMAS don bin diddigin annoba. An gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015, aka mayar da ita buɗaɗɗiya, hukumar NCDC ta rungume ta, Ghana ta ɗauka, kuma da korona ta zo a 2020 ofisoshin lafiya a Jamus suka yi aiki da ita. Abin da aka koya a nan ya amfani Bature, don an zuba shi a tushe ɗaya da kowa ke ɗiba. Haka DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, ita ce ke tara alƙaluman asibitocin ƙasar nan.

Matasa ma ba a bar su a baya ba. CcHUB na Yaba ya haura shekara goma yana tara masu rubuta manhaja. Samson Goddy da Ada Nduka Oyom sun kafa Open Source Community Africa a 2018, suka yi babban taronsu na farko a Legas a watan Fabrairun 2020. Segun Adebayo ya ƙirƙiri Chakra UI, wadda masu gina shafuka a faɗin duniya ke amfani da ita. Daga Idi-Araba zuwa Yaba tafiyar mintoci ce in babu cunkoso, amma 'ya'yan Hausawan Legas ba su cika yawa a waɗannan wurare ba, alhali su ne ke da abin da Yaba ba ta da shi: kunnen da ke jin kuskuren Hausa nan take, ga Yarabanci da Turanci a baki.

Sai dai akwai ɗabi'ar da ke cin mu. Ɗan kwangila ya karɓi aikin ma'aikata ko asibiti ko makaranta, ya kwafo buɗaɗɗiyar manhaja, ya yi mata gyare-gyare a ɓoye, ya sauya tambari, ya miƙa a matsayin tasa. Bai tura gyaran ga masu ita ba, bai rubuta abin da ya taɓa ba. Bayan shekara biyu masu manhajar sun toshe kafofi da dama, amma ba a iya ɗora sabon zubi don zai rushe gyaran ɗan kwangila, shi kuma ya tafi Kanada ko ya koma wata harka. Sai a zauna da tsohon kwafi mai ramuka, ko a sake ba da sabuwar kwangila a maimaita kuskuren. Tufka da warwara ke nan da kuɗin jama'a.

Uzurorin da ake kawowa

Wasu za su ce aikin banza ne: ka yi wa Google da Microsoft gyara kyauta, ka sayi data da kuɗinka, ka ƙona man janareta, su kuma su ci riba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na goyon bayan a ce wa matashin da bai ci abincin rana ba ya yi sa-kai har abada. Amma a duba lissafin da kyau. Facin da ka riƙe a gida, kai za ka yi ta ɗawainiyarsa duk lokacin da aka fitar da sabon zubi. Wanda ka tura aka karɓa, ɗawainiyarsa ta koma kan kowa. Tura gyara tushe sauke wa kai kaya ne kafin ya zama kyauta ga wani. Sannan sunan da ke ƙasan facin da aka karɓa shaida ce da kowane mai ɗaukar aiki a duniya zai iya dubawa da kansa, ba sai da ɗan'uwa a ofis ba.

Wasu kuma za su ce masu kula da manhajojin nan suna da girman kai, ka aika su yi shiru wata uku, ko su amsa da gatse. Yana faruwa. Amma a san halin da suke ciki. A watan Oktoban 2020, gasar Hacktoberfest ta kamfanin DigitalOcean, wadda a lokacin take ba da riga ga wanda ya aika gyara huɗu, ta jawo ambaliyar gyare-gyaren wofi daga ko'ina a duniya, har aka sauya dokokin gasar cikin kwanaki. Mai kula da manhaja ba ƙarancin faci ke damunsa ba, ƙarancin mai tacewa ne. Wanda zai zo ya ce wannan rahoton maimaici ne, wannan na gwada a wayata ya tabbata, wannan ba naku ba ne na HarfBuzz ne kuma na kai musu, ya fi masa daraja a kan mai aiko sabon abu goma.

Tacewar nan har tsaro ce. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiko gyare-gyare masu kyau har mai kula da ita, Lasse Collin, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, ya ba shi ikon shigar da abu da kansa. Tarihin da aka adana na wa ya aiko me kuma yaushe shi ya ba da damar a gano iyakar ɓarnar cikin kwanaki.

Abin da ya kamata a yi

Na farko yana kan gwamnati. Hukumar NITDA da ma'aikatun da ke ba da kwangilar manhaja su sa sharaɗi cewa ɗan kwangila ya miƙa jerin duk buɗaɗɗun manhajojin da ya haɗa da lambar zubinsu, da jerin duk facin da ya ɗora, kowane da bayanin an tura tushe ko ba a tura ba da dalili. Amurka ta fara neman irin wannan jeri daga masu sayar mata da manhaja tun umarnin shugaban ƙasa na watan Mayun 2021. Ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma, sakin layi ɗaya ne a takardar kwangila, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an cika shi.

Na biyu yana kan masu horarwa. Shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 da niyyar horar da mutum miliyan uku, da sauran makarantun koyon manhaja, su daina auna ɗalibi da sabuwar manhajar da ya ƙirƙira kaɗai. A ba shi aibi na gaske a ce ya gano na wace manhaja ne, ya rubuta rahoton da baƙo zai karanta ya maimaita matsalar, ya bi shi har a rufe. Wanda ya iya wannan ya iya aikin da kamfanoni ke biya.

Na uku namu ne, Hausawan Legas. Ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa a Agege da Idi-Araba suna tara kuɗi don maulidi da gasar ƙwallo da taimakon marasa lafiya, kuma duk suna da kyau. Ɗaukar nauyin data da wutar matasa biyu ko uku bai fi ƙarfinsu ba. Aikinsu ya zama riƙe rajista ɗaya a fili ta matsalolin Hausa a na'ura: mene ne aibin, a wace waya aka gani, na wace manhaja ne, yaushe aka kai rahoto, wa ke bi, ina aka kwana. Masu gyaran waya su ne za su fi kowa ciyar da rajistar, don su ke ganin matsala kafin kowa. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo su tsaya a bayanta wajen tabbatar da ƙa'idar rubutu, domin masu kula da CLDR sun fi saurin karɓar gyaran da ke da hujja da masu goyon baya.

Harshen da ke da masu magana da shi miliyoyi da dama bai kamata ya dogara da sa'ar wani injiniya a Kalifoniya ya lura da ƙugiyar ƙ ba. Ƙofofin a buɗe suke, adireshin kowane mai kula a rubuce yake, kuma ba a tambayar takardar shaida ko biza. Duk matsalar Hausa da ta shekara biyar a waya ba tare da an kai rahotonta inda ya dace ba, ba za mu ɗora wa kowa laifinta ba sai kanmu.